Kwangilar gwamnati da ƙaramin mai sana'a: jagora ga mutanen karkarar Kano da Jigawa

A wata shekara da ta wuce an kawo wa makarantar firamaren garinmu sababbin bencina. Babbar mota ce ta ɗauko su daga birni, aka sauke su a gindin darbejiyar da ke bakin ofishin hedimasta, yara suna ta murna. Taku kaɗan daga wurin akwai rumfar wani kafinta da ya haura shekara ashirin yana aiki, wanda kusan duk ƙofar da ke unguwar shi ya yi ta, kuma 'ya'yansa uku suna cikin waɗanda za su zauna a kan bencinan. Ya zo ya shafa guda ɗaya, ya juya shi ya duba gindinsa, ya ga ɗanyen katako ne aka rufe da fenti, ya ce da ni ba za su kai damina biyu ba. Ba su kai ba. Abin da ya tsaya mini a rai shi ne babu wanda ya taɓa gaya masa cewa akwai hanyar da zai iya neman wannan aikin da kansa, shi ma kuma bai taɓa ɗaukar cewa irinsa na da hurumi a ciki ba.

A ƙananan hukumomi 44 na Kano da 27 na Jigawa, da wuya a sami mai sayen kaya da ya kai gwamnati. Ita ke sayen kujerun makaranta da kayan sawan ɗalibai, da hatsin makarantun kwana, da bulo da yashin ginin asibitin sha-ka-tafi, da ƙofofi da tagogin ƙarfe, da gyaran famfon tuƙa-tuƙa. Saboda haka ƙa'idar da ta shimfiɗa wajen sayen waɗannan kaya ita ke yanke hukuncin inda kuɗin zai kwana, ko a aljihun mai walda na Gumel da telan Rano, ko a asusun wani kamfani da ba shi da ko guduma. Wannan jagora na rubuta ta ne domin kafinta da tela da magini da mai injin casar shinkafa da matar da ke dafa abincin sayarwa, duk wanda ke tunanin gwada sa'arsa. Ra'ayina tun daga farko shi ne samun kwangila ba shi ne nasara ba. Nasarar ita ce a biya ka kuɗinka jarinka bai karye ba, kuma kowane mataki da zan ambata a kan wannan ma'auni na ɗora shi.

Da farko, fahimci ƙa'idar da ake wasan da ita

Dokar sayen kayan gwamnatin tarayya ta 2007 ita ce uwa a wannan fage, kuma ita ta kafa hukumar BPP mai sa ido a kan kwangilolin tarayya. Tana aiki a kan ma'aikatu da hukumomin tarayya, da duk wani aikin da aƙalla kashi 35 cikin ɗari na kuɗinsa daga kason tarayya ya fito. Jihohi kuwa kowace da tata dokar. Kano ta yi dokarta a 2021, tana kuma da hukumar kula da bayar da kwangila, Jigawa ma tana da hukumar bin ƙa'ida da duba ayyuka a Dutse, wadda kowa ya fi sani da Due Process. Tambayar farko da za ka yi game da kowane aiki ita ce: kuɗin wane ne? Amsar ita za ta gaya maka ofishin da za ka yi rajista, da takardun da za a nema, da inda za ka kai kuka idan an zalunce ka.

Tushen dokar shi ne gasa a fili. A tallata aiki, kowa ya kawo farashinsa a rufe, a buɗe a gaban jama'a, a bai wa wanda ya cika sharuɗɗa kuma farashinsa ya fi sauƙi. A rubuce babu abin da ya fi wannan adalci. Amma akwai wurare uku da ƙaramin mai sana'a ke faɗuwa ba tare da kowa ya karya doka ba. Na farko girman aikin: idan aka dunƙule bencinan makarantu ɗari aka mayar da su kwangila guda, an kori duk kafintocin ƙauye tun kafin a fara, alhali da an kasa aikin gunduma-gunduma da ashirin daga cikinsu sun samu. Na biyu yawan takardu, domin kuɗin neman su kusan ɗaya ne ga mai jarin miliyan biyu da mai jarin biliyan biyu. Na uku, wanda ya fi kowanne kisa, shi ne jinkirin biya.

Gwamnatoci sun san da wannan matsala, shi ya sa wasu ƙasashe suka keɓe wa ƙananan masu sana'a kasonsu. A Barazil dokar 2009 ta wajabta a kashe aƙalla kashi 30 na kuɗin ciyar da ɗalibai wajen sayen amfanin gona kai tsaye daga ƙananan manoma. Kenya ta ware kashi 30 na kwangilolinta ga matasa da mata da masu buƙata ta musamman, Indiya kuma ta ware kashi 25 ga ƙananan masana'antu. A nan gida, umarnin shugaban ƙasa mai lamba 003, wanda Farfesa Yemi Osinbajo ya sa wa hannu a 2017 lokacin yana muƙaddashin shugaban ƙasa, ya ce aƙalla kashi 40 na abin da ma'aikatun tarayya ke kashewa a kan kayan sawa da takalma, abinci da abin sha, kujeru da tebura, kayan rubutu, magunguna, kayan gini da makamantansu ya tafi ga kayan da aka yi a Najeriya. A 2025 ma majalisar zartarwa ta tarayya ta amince da manufar fifita kayan gida. Sai dai a lura da kyau: fifita kayan Najeriya daban, fifita ƙaramin mai sana'a daban. Katafaren kamfani da ke Legas ma kayan gida yake yi. Wannan giɓi ne ya sa dole mutumin karkara ya shirya kansa maimakon ya zauna jiran tausayin doka.

Wanda ke son ganin yadda ƙa'idar saye ke sauya rayuwar ƙauye ya tuna shirin ciyar da 'yan firamare da aka fara a 2016, a kan naira 70 kowane yaro, daga baya aka mayar naira 100. Da yake matan unguwa aka ɗauka su yi girkin, kuɗin kuma ta asusunsu yake shiga, mai wake da mai manja da mai itace duk sun shaida a cinikinsu. Da biyan ya fara tangal-tangal, aka kuma dakatar da shirin a farkon 2024, matan da suka ci bashin kayan miya da sunan za a biya su ne suka kwana a ciki. Shiri guda ya nuna fuskokin abin duka biyu.

Mataki na ɗaya: auna ƙarfinka kafin ka taka ofis

Zauna da littafinka ka amsa wa kanka tambayoyi uku tsakaninka da Allah. Nawa ne jarinka na gaskiya, ban da kuɗin mutane da ke hannunka? Guda nawa za ka iya yi a wata ba tare da ka saki abokan cinikinka na kullum ba? Idan kuɗinka ya maƙale wata shida, gidanka zai ci abinci, yaran shagonka za su sami ladansu? Shawarata ita ce kada ka zuba fiye da sulusin jarinka a aikin gwamnati guda, komai daɗin bakin wanda ya kawo maka shi. Ba a zubar da ruwan randa don an ga hadari. Abokin cinikin da ke sayen ƙofa ɗaya ya biya ka a take shi ne zai riƙe ka a watannin da fayil ɗinka ke yawo daga tebur zuwa tebur.

Mataki na biyu: mallaki takardunka

Gwamnati ba ta hulɗa da suna da mutunci, da takarda take hulɗa. Mafari shi ne rajista da hukumar rajistar kamfanoni ta CAC, wadda yanzu ta intanet ake yin ta. Rajistar sunan kasuwanci ta fi araha kuma tana isa ga ƙananan odoji da yawa, amma manyan tallace-tallace sukan nemi cikakken kamfani. Dokar kamfanoni ta 2020 ta sauƙaƙa wannan, domin ta halatta mutum ɗaya tak ya kafa ƙaramin kamfani ba sai ya nemi abokin tarayya ba. Wajen cike takardar ka tabbata an rubuta ainihin sana'ar da kake yi, saboda ana iya ƙin karɓar tayin wanda rajistarsa ta ce hatsi yake sayarwa alhali aikin gini yake nema.

Bayan haka sai lambar biyan haraji, da asusun banki da sunan kasuwancin, da takardar shaidar biyan haraji, wadda yawanci ta shekara uku ake nema. A nan mutane da yawa ke yin kuskure. A lokacinta, dokar kuɗi ta 2019 ta ɗauke wa kamfanonin da cinikinsu bai kai naira miliyan 25 a shekara ba harajin ribar kamfani, sai wasu suka ɗauka ba ruwansu da ofishin haraji. Ɗauke biya bai ɗauke kai rahoton shekara ba, kuma wanda bai kai rahoto ba ba zai sami takardar shaida ba ranar da yake buƙatarta. Aikin tarayya yana ƙara neman shaidar hukumar fansho ta PenCom, da ta asusun horas da ma'aikata ITF, da ta asusun inshorar ma'aikata NSITF, da shaidar shiga kundin 'yan kwangila na BPP. Aikin jiha kuwa sai ka yi rajistar ɗan kwangila a hukumar jiharka, inda ake kasa mutane aji-aji gwargwadon girman aikin da za su iya ɗauka. Ka shiga ajin da ya dace da kai, kada ka biya kuɗin babban aji don burga.

Yawancin waɗannan takardu shekara guda suke yi su mutu. Ka sabunta su a farkon shekara, ka yi kwafinsu, ka ɗauki hotonsu a waya, ka adana na asali a jaka guda inda ɗigar ruwa da gara ba za su kai ba. Kuma ko da wani za ka wakilta ya yi maka rajistar a shagon kwamfuta, lambar wayarka da adireshin imel ɗinka za a sa, kalmar sirrin kuma ta zauna a hannunka. Na ga wanda kamfaninsa ya koma tamkar ba nasa ba saboda yaron da ya yi masa rajista ya bar gari da kalmar sirrin.

Mataki na uku: idan kai kaɗai ba ka isa ba, ku haɗu

Teloli goma da kowannensu ke da keke ɗaya ba su da abin nunawa a gaban kwamitin bayar da kwangila, amma ƙungiyar gama-kai mai rajista, mai kekuna goma da asusu guda da littafin taro, tana iya ɗaukar ɗinkin kayan makaranta na gunduma sukutum. Sashen ƙungiyoyin gama-kai na jiha ke yin wannan rajista. Sharaɗin ɗorewarta shi ne a rubuta komai tun ana shiri: wa zai sa hannu a banki, yaya za a raba aiki, yaya za a raba riba, wa zai ɗauki asara idan aka dawo da kayan wani saboda rashin kyau. Ƙungiyoyin da na ga sun watse ba rashin aiki ne ya watsa su ba, ranar da kuɗi ya shigo ne rigima ta tashi, domin babu abin da aka rubuta.

Mataki na huɗu: san inda aikin yake fitowa

Kwangila ba daga sama take faɗowa ba, daga kasafin kuɗi take fitowa. Kano da Jigawa duk suna wallafa kasafinsu a intanet, musamman tun zuwan shirin SFTAS na Bankin Duniya a 2018, wanda ya riƙa saka wa jihohi da tallafi idan suka bayyana kasafinsu da kwangilolinsu. Ka sa wani ɗalibi a gidanku ya sauke maka shi, ku nemo sunan ƙaramar hukumarku, ku ga ajujuwa nawa da asibitoci nawa aka yi wa tanadi. Aikin da babu shi a kasafi, ko wa ya yi maka alkawarinsa, ka yi hattara da shi, domin shi ne irin wanda ake gamawa a rasa aljihun da za a biya daga ciki.

Ana tallata manyan ayyuka a jaridu da shafukan hukumomi, na tarayya kuma har da mujallar tallan kwangiloli ta gwamnatin tarayya. Amma ƙofar da ta fi dacewa da mai farawa ita ce ta ƙananan saye, inda doka ta yarda hukuma ta nemi farashi daga aƙalla masu kaya uku da ba su da alaƙa da juna ta zaɓi mafi sauƙi, ba tare da doguwar gasa ba. Irin wannan ba ya zuwa jarida. Yana zuwa ne ga wanda sunansa ke cikin jerin masu kawo kaya na wannan ofishi. Saboda haka ka rubuta takardar gabatar da kanka, ka haɗa da kwafin rajistarka da hotunan aikinka, ka kai sakatariyar ƙaramar hukuma, da ofishin ilimi na yanki, da babban asibitin da ke kusa, da makarantun kwana, ka karɓi shaidar cewa an amsa. Kada ka manta da kwamitocin kula da makarantu na al'umma, waɗanda a ƙarƙashin shirye-shirye irin su AGILE, shirin bunƙasa ilimin 'yan mata, ake tura musu kuɗin gyara kai tsaye, su kuma su nemi magini da kafinta a cikin gari. Hukuncin Kotun Ƙoli na watan Yulin 2024 a kan 'yancin kuɗin ƙananan hukumomi ma dalili ne na a riƙa leƙa allon sanarwar sakatariya.

Mataki na biyar: lissafin farashi, inda ake mutuwa ko a rayu

A nan zan daɗe, domin a nan ne mafi yawan mutanenmu ke yanka kansu da hannunsu. Mai sana'a ya saba da lissafin kasuwa: kuɗin kaya, ladan aiki, riba, a biya yau. Lissafin gwamnati yana da wasu baƙi uku da ke ci daga cikin kuɗin, wato haraji, da kuɗin riƙo, da lokaci.

Mu ƙaddara, a matsayin misali kawai, an ba ka benci 200 a kan naira 40,000 kowanne, jimla naira miliyan 8. Ka je 'Yan Katako a Na'ibawa ka yi cinikin katako, ka biya Ƙofar Ruwa ka ji farashin ƙarfe, ka haɗa da ƙusa da fenti da ladan yara, kowane benci ya tsaya maka a naira 30,000, wato miliyan 6. Kuɗin mota zuwa makarantu da zirga-zirgar takardu suka ci rabin miliyan. A idonka ribar miliyan ɗaya da rabi ce, har ka fara tunanin sabon injin yankan katako. To amma harajin VAT, wanda ake ɗorawa a kan kayan saye, kashi 7.5 ne tun 2020, kuma idan ba ka ɗora shi a kan farashinka ba daga cikin kuɗinka za a zare shi, fiye da rabin miliyan ke nan ya tafi. Akwai harajin da ake cirewa tun daga tushe kafin kuɗi ya iso hannunka, akwai kuma kuɗin hatimi. Idan yarjejeniyar ta tanadi kuɗin riƙo, wanda galibi kashi 5 ne, za a ajiye naira 400,000 sai an ga aikin bai lalace ba bayan wasu watanni. Sannan babban baƙon: a 2024 hauhawar farashi a Najeriya ta haura kashi 30 a shekara. A irin wannan yanayi, idan biyanka ya yi jinkirin wata takwas, miliyan shida da rabin da ka zuba ta rasa kusan kashi ɗaya cikin biyar na ƙarfinta, kimanin miliyan ɗaya da dubu ɗari uku. Ranar da kuɗin ya shigo za ka ga lambobi masu yawa a waya, amma idan ka koma Na'ibawa ba za su saya maka katakon da ka fara da shi ba.

Saboda haka kafin ka rubuta farashi ka tambayi akantan wannan ofishi, cikin ladabi, abin da ake cirewa da adadinsa, ka kuma tambayi waɗanda suka taɓa yi musu aiki wata nawa suka jira. Ka sa duk wannan a lissafi. Idan farashin gaskiya ya sa ka faɗi a gasar, ka faɗi da jarinka a hannu. Wanda ya karya farashi don ya ci, ɗayan biyu ne zai same shi: ko ya yi asara, ko ya koma ga ɗanyen katako da fenti, ya ɓata sunan da ya shekara ashirin yana ginawa. Ka kuma riƙa karɓar shaidar harajin da aka cire maka daga tushe, domin ana lissafa maka shi a cikin harajinka na shekara.

Mataki na shida: cike takardar tayi da halartar buɗewa

Ka karanta takardar tallan sau biyu, ka sa wani ya sake karanta maka. Duk abin da aka lissafa ka jera shi bi da bi yadda aka nema, ka sa hannu inda aka ce, ka rufe ambulan yadda aka bayyana, domin ana zubar da tayi mai kyau saboda rashin takarda guda ko sa hannu guda. Idan an nemi jinginar tayi daga banki, wato lamunin cewa ba za ka janye tayinka ba, dokar tarayya ta ce kada ta wuce kashi 2 na farashinka. Ka kai da wuri, ka sa hannu a rajistar masu kawowa, domin wanda ya makara ko da minti kaɗan ne ba a karɓa. Ranar buɗewa ka je da kanka ko ka tura wakili, haƙƙinka ne. Ana kiran sunan kowa da farashinsa da babbar murya. Ka rubuta su duka a littafinka, ko ba ka ci ba ka koyi yadda abokan gasarka ke lissafi, kuma ka riƙe hujja idan daga baya aka juya sakamako.

Mataki na bakwai: kada ka sare katako ko ɗaya sai da takarda

Maganar baki ba kwangila ba ce, ko daga bakin ciyaman ta fito, ballantana kansila ko wani na kusa da shi. Abin da ke kare ka shi ne takardar ba da aiki da yarjejeniya mai sa hannu, ko takardar odar kaya da ake kira LPO. Shugabanni suna sauyawa, wanda ya gaji kujera kuma abin da ya tarar a fayil kaɗai yake dubawa. A cikin yarjejeniyar ka nemi abu huɗu: siffar kayan dalla-dalla, wa'adin gamawa, lokacin biya, da abin da zai faru idan farashin kaya ya tashi. Game da kuɗin kafin alƙalami, dokar 2007 ta ƙayyade shi a kashi 15, gyaran 2020 ya ɗaga shi zuwa kashi 30 ga 'yan kwangilar gida, amma sai da lamunin banki ko na kamfanin inshora. Wannan lamuni shi ne katangar da ƙananan masu sana'a ke kasa tsallakewa, shi ya sa yake da amfani cinikinka ya riƙa bi ta asusun banki tun yanzu, domin banki tarihin asusu yake kallo. Wanda ke gudun kuɗin ruwa yana iya tuntuɓar bankunan da ba sa hulɗa da shi, irin su Jaiz da TAJ, inda ake saya wa mutum kaya a sayar masa da riba sananniya.

Mafi yawan masu sana'ar karkara ta hannun wani babban ɗan kwangila suke fara taɓa aikin gwamnati, kuma ba laifi ba ne, makaranta ce. Amma a nan ne ake yin kura da shan bugu gardi da karɓar kuɗi. Kafintan da na ambata a farko daga baya ya karɓi irin wannan aiki da baki, ya yi bencina masu kyau, mai kwangilar ya karɓi kuɗinsa cif, shi kuwa sai da ya shekara yana bin sa ana ba shi a gutsuttsure. Ko da wanda ya ba ka aikin ɗan uwanka ne, ku rubuta adadi da farashi da ranar biya, shaidu biyu su sa hannu, ya ba ka kuɗin kaya tukuna, kuma ka riƙa sakin kayan kashi-kashi gwargwadon abin da aka biya.

Akwai kuma abubuwan da za a kawo maka da sunan taimako waɗanda tarko ne: a ari takardun kamfaninka a cike gurbin masu gasa uku, ko a ce ka sa hannu an kawo kaya ɗari alhali sittin aka kawo, ko a daddatsa babban aiki da gangan don a kauce wa idon hukuma. Kasa aiki rukuni-rukuni a tallata shi a fili halas ne, shi muke roƙo ma, amma daddatsa shi a ɓoye laifi ne. A dokar tarayya, wanda ba ma'aikacin gwamnati ba da aka kama da irin wannan yana fuskantar ɗaurin shekara 5 zuwa 10 ba zaɓin tara, kamfani kuma a hana shi kwangila aƙalla shekara 5 tare da tarar kashi 25 na kuɗin aikin. Sunan da ke kan takarda shi ake kamawa, ba wanda ya raɗa maka a kunne ba.

Mataki na takwas: miƙa kaya da bin kuɗi

Ranar kai kaya ka tafi da takardar miƙawa kwafi uku. Mai kula da sito ya ƙirga a gabanka, ya sa hannu da hatimi da kwanan wata, ya ba ka shaidar shigar kaya sito. Idan gini ne ko gyara, injiniyan da ke duba aikin ya ba da satifiket na matakin da aka kai. Ka ɗauki hoto. Daga nan ka miƙa takardar neman biya a rubuce, ka riƙe kwafin da aka buga wa hatimin karɓa, domin daga wannan rana ake fara ƙirga. Dokar tarayya ta ce duk biyan da ya wuce kwana 60 bayan an miƙa takardu an kuma tantance su jinkirtacce ne, kuma yana jawo ƙarin da aka ambata a yarjejeniya. Ka san lambar fayil ɗinka, ka san teburin da yake, daga mai duba aiki zuwa odita zuwa ofishin ma'aji, ka riƙa bibiya da fara'a amma kowace tunatarwa ta kasance a rubuce. Ka ƙoƙarta takardunka su shiga kafin ƙarshen shekarar kuɗi, saboda bashin da ya tsallaka sabuwar shekara yakan koma layin baya.

Idan an zalunce ka

A aikin tarayya hanyar a shimfiɗe take. Cikin kwanakin aiki 15 da sanin abin da ya faru za ka rubuta ƙorafi ga babban jami'in hukumar da ta ba da aikin, shi ma yana da kwanakin aiki 15 ya amsa. Idan bai amsa ba ko amsar ba ta gamsar da kai ba, kana da kwanakin aiki 10 ka ɗaukaka zuwa BPP, wadda za ta yanke hukunci cikin kwanakin aiki 21, bayan nan kuma sai Babbar Kotun Tarayya cikin kwana 30. Wanda ya bari wa'adin ya wuce yana neman a sasanta a bayan fage ya rasa damarsa. A aikin jiha ka fara da hukumar kula da kwangila ta jiharka, idan kuma maganar ta shafi cin hanci ko danne haƙƙi, Kano da Jigawa duk suna da hukumar karɓar ƙorafe-ƙorafe da yaƙi da rashawa.

Na san abin da ke hana mutane rubuta ƙorafi, tsoron kada a rufe musu ƙofa gaba ɗaya, kuma tsoron yana da tushe a ƙaramin gari inda kowa ya san kowa. Maganinsa shi ne ƙungiya ta yi magana maimakon mutum ɗaya. Lokacin da ake taron jin ra'ayin jama'a a kan kasafin kuɗi, ƙungiyar kafintoci ko ta teloli ko ta masu casar shinkafa ta je da buƙatunta a rubuce, ta kai kwafi ga ɗan majalisar jiha mai wakiltar yankin da shugaban ƙaramar hukuma da hakimi. Buƙatun ba sai sun yi yawa ba: a kasa manyan odoji gunduma-gunduma, a rage takardun da ake nema a ƙananan ayyuka, a liƙa kowace sanarwa da Hausa a allon sakatariya a kuma karanta ta a rediyo, a sa wa'adin biyan ƙananan 'yan kwangila a kuma bayyana jerin waɗanda ke bin gwamnati bashi bisa tsarin wanda ya riga gamawa. A sa kwanan wata a takardar, sakataren ƙungiya ya ajiye kwafin da aka buga wa hatimi, a taron shekara mai zuwa kuma a zo da shi a tambayi wanne aka aiwatar.